Tarin Aro na Hajiya Asiya

Allah ya jiƙan Asiya ta unguwar Utaibiyya, ya sanyaya makwancinta. Duk wanda ya taɓa cin tuwonta lokacin aikin Hajji ba sai an gaya masa ko wace ce ba. A Makka aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta. Kakanta ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Katsina bai koma ba. Ita ko hanyar Katsina ba ta sani ba, amma in ta kaɗa miyar kuka, alhazan can har lumshe ido suke yi.

Da tuwon nan, da abin da mijinta Yunus ke samu wurin tura keken gajiyayyu tsakanin Safa da Marwa, suka tada gidansu, ɗan siriri mai bene, a wani lungu da mota ba ta shiga. Yunus ya riga ta tafiya. 'Yarsu tilo, Shaima, aure ya kai ta birnin Dammam mai nisa. Sai tsufa ya zo ya tarar da Asiya da gida amma ba fansho, ba ƙarfin tuƙa babbar tukunya.

Shaima ta yi ta roƙon a sayar da gidan uwar ta koma wurinta. Asiya ta ƙi. Burinta ɗaya ne a duniya: ranar da ta cika, a ɗauke ta daga ɗakinta a kai ta Harami a sallace ta a gaban Ka'aba, kamar yadda aka yi wa Yunus.

Mafita ta zo ta hannun Sa'ud, ɗan maƙwabtansu mai shagon kayan mota, wanda Asiya ta goya yana jariri. Aka yanke wa gidan farashi, zai riƙa ba ta kaɗan-kaɗan duk wata tana cin abinci, ita kuma tana zaune a ɗakinta har ƙarshen ranta. Bayan ranta gida ya zama nasa, abin da ya rage na kuɗin a ba Shaima. Sai da wani malami ya duba ya ce babu laifi sannan ta yarda.

Da farko ta ji daɗi. Ta sayi sabuwar na'urar sanyaya ɗaki, ta koma sa nama a miya. Amma Asiya mace ce mai kunya, irin kunyar da ke hana mutum ƙara loma a gidan ɗan'uwansa. Ta san Sa'ud da matarsa da yara suna cunkushe a gidan haya. Duk Juma'a in ya sauko daga masallaci yakan biyo ya gaishe ta, ya durƙusa ya kira ta Hala, wato inna da Larabci, ya ce, “Ya Hala, yaya jiki?” Sai ta ji nauyin ta ce garau take. Da wane baki za ta gaya wa yaron da ke jiran gida cewa ko ciwon kai ba ta yi?

Sai ta ari tari.

Da ta ji takunsa a lungu za ta ja bargo, ta ɗaure kai, ta shiga ƙoƙ-ƙoƙ. Sa'adatu, aminiyarta tun suna 'yan mata suna sayar da yaji a unguwar Nakkasa, ta kama ta wata rana tana ɓoye akushin ɗanwake a ƙarƙashin gado.

“Ke Asiya, ki ji tsoron Allah! Jiya fa kika wuce ni a ɗawafi kamar ana korar ki.”

“Rufa mini asiri, 'yar nan. Yaro ya zuba dukiyarsa, ya zo kuma ya tarar da ni ina tsalle? Bari dai ya riƙa ganin alamar tafiya.”

“To tarin naki ma bai iya ba. Kamar akuya ta haɗiyi leda.”

Abin da Asiya ba ta lissafa ba shi ne Sa'ud zai tsorata. Ya kawo zuma, ya kawo habbatus sauda, ya kawo likita har gida. Likita ya ce bai ga komai ba, Sa'ud ya ce likitan ne bai iya aiki ba. Daga ƙarshe ya buga wa Shaima waya ya ce Hala tana ƙarewa.

Wata safiya sai ga Shaima da mijinta, an bar mota a bakin titi, an riga an kama wa tsohuwa layin ganin likita a Dammam. Shaima tana kuka tana cusa kayan uwar a akwati. “Halas, Ummi, magana ta ƙare, ba shawara na zo ba. Yalla, tashi.” Sa'ud na tsaye a bakin ƙofa riƙe da keken guragu, idonsa jawur.

Asiya ta dubi keken, ta dubi akwatin. Ta dubi Sa'adatu, wadda ta kau da kai ta ce, “Ni ba ruwana, ke kika dafa.”

Sai tsohuwa ta yaye bargo. Ta miƙe tsaye ba dafa bango, ta fizge akwatin daga hannun 'yarta, ta ɗora shi a ka, ta haye bene da shi ba ta tsaya hutu ba. Daga sama ta leƙo tana haki kaɗan ta ce, “Wanda zai kai ni Dammam ya hawo ya ɗauke ni.”

Can ta sauko. Ita ce ta fara magana, kanta a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa. “Sa'ud, ɗana, lafiyata lau. Kunyarka nake ji. Na ga na daɗe maka.”

Sa'ud ya zauna a ƙasa kamar an zare masa ƙashi. Ya yi dariya, dariyar ta koma kuka. “Ya Hala, haram alaiki! Ni na ce miki sauri nake? Uwata ta tafi, ke kaɗai kika rage mai ce mini ɗana. Wallahi in kika sake yi mini wannan tarin, na fasa cinikin.”

Shaima ta kwana biyu ta koma ita da mijinta. Asiya ta ƙara shekaru masu albarka a ɗakinta, tana faɗa da Sa'adatu a kan gishirin miya, tana koya wa 'ya'yan Sa'ud Hausa suna karya ta tana dariya.

Ranar da ciwon gaske ya zo, bai yi hayaniya ba. Ta ce wa Sa'adatu jikinta ba daɗi, Sa'adatu ta ce, “An fara kuma?” Har yau wannan kalmar tana ci wa Sa'adatu rai. Kafin la'asar Asiya ta cika, kanta a cinyar aminiyarta. Sa'ud ne ya shiga gaba da makara, ya ƙi bari kowa ya karɓe shi, tun daga bakin lungu. Bayan sallar magariba aka sallace ta a Harami, cikin dubban alhazai da masu Umara da ba su san sunanta ba, suka ce amin.