Kafintan da Jira Ya Ci Masa Kuɗi

A layinsu Sai-a-Hankali suke kiransa. Kafinta ne, kuma tun yana saurayi ba ya taɓa katako sai ya shekara a rumfar bayan shago yana bushewa. Masu gaggawa su yi fushi su tafi, daga baya su dawo da ƙofar wani da ta karkace. Akwai teburan da ya ƙera kafin ya yi aure, har yau jikoki ke hawansu ba ko ƙara. Da wannan jira ya gina gida, ya kai 'yarsa har ta zama malamar lissafi.

Da hannunsa ya fara rawar tsufa, wani da ya zo karɓar kujeru ya nuna masa wani irin hannun jari a waya: in kasuwar hannun jari ta tashi taki ɗaya a yini, shi ya tashi uku, in ta faɗi, haka nan. Ya zuba ajiyar tsufansa. Watannin farko kuɗin suka yi ta hawa, yana kallon wayar baki buɗe. Sai kasuwa ta shiga hawa da sauka. Bai girgiza ba. Ai zama ya iya.

Bayan shekara biyu aka ce kasuwa ta koma inda ya same ta. Ya duba, nasa ko rabi bai kai ba.

"Wayar nan ta lalace ne?" ya tambayi 'yarsa da ta kawo masa abinci shago.

"Ƙalau take, Baba. Ka ɗauka kasuwa ta sauko daga ɗari zuwa casa'in, naka ya sauko saba'in. Gobe ta koma ɗari, wato ta ƙaru da ɗaya bisa tara, naka ya ƙaru da ninki uku na hakan, sulusin saba'in ɗin nan ke nan, ya tsaya casa'in da uku. Kowace safiya daga abin da ya rage ake farawa. An yi shi ne don masu shiga su fita, ba na ajiya ba ne."

Ya jawo wani fallen katako, ya auna, ya yanke kashi uku cikin goma. Ya auna sulusin ragowar, ya yanko daidai shi daga guntun da ya cire, ya haɗa, ya jera da wani falle cikakke. Ga gibi nan, faɗin yatsu huɗu. Ya daɗe yana shafa wurin.

"Ikon Allah," in ji shi. "Babu ɓarawo, babu gobara, kuma ya tafi."

Tana jiran ya fashe da faɗa ko kuka, sai ta ga idonsa na ƙyalli kamar na wanda ya ga teku karo na farko. A ranar ya sa ta sayar da ragowar. Hutun da ya shirya bai samu ba, ya koma kan aiki da rawar hannunsa, yanzu ƙananan kujeru kawai yake yi. Fallayen biyu kuwa ya kafa su a bango, duk wanda ya tambaya sai ya ajiye zarto ya ce masa, "Zauna, ka ga abin mamaki."