Baba Inusa Mai Wuta Ya Ajiye Aiki

Shekara talatin da ɗoriya ke nan, da an idar da sallar asuba a unguwar Diguel, Baba Inusa zai rataya jakar kayan aiki, ya hau tsohon babur ɗinsa, ya shiga gari tun rana ba ta yi zafi ba. Da Larabci yake ciniki da masu sayar da waya, da Faransanci yake karanta takardar kaya, amma in zai yi maka faɗa kan wayar da ka bari tsirara, da Hausa zai yi.

Ba a gidajen manya ya yi suna ba. Aikinsa jan wuta ne zuwa ɗakin da aka ƙara a ƙuryar gida, ko shagon da aka buɗe a bakin ƙofa.

Ku tambayi Rakiya mai ƙanƙara. Bara waccan ta gina ɗaki a ƙarshen gidansu don ta sa firiza biyu, sana'ar da take ciyar da 'ya'yanta da ita tun rasuwar mijinta. Yayanta Zakariyya ya ce a ja waya ta sama kawai, a ɗaure ta a ƙusa kusa da igiyar shanya.

Baba Inusa ya dubi igiyar, ya ga ta ƙarfe ce, ga jiƙaƙƙun zannuwa a kanta.

"Ba da hannuna ba," in ji shi. "Kafin shekara rana za ta cinye robar wayar. Wa ke shanya a nan?"

"Ni ce, Baba, da Hanatu babbar 'yata," in ji Rakiya.

"To, ta ƙasa za ta bi."

Zakariyya ya ce akwai masu gamawa kafin azahar. Baba ya ce lallai akwai, in ana so a kira su. Rakiya ta ce, "Yaya, bar shi ya yi yadda ya sani."

Kwana biyu ya yi yana haƙa da kansa a zafin watan Afrilu, rami har gwiwa. Ya zura wayar cikin tiyo, ya liƙe kowace gaɓa, ya rufe da yashi, ya jera bulo a kai don duk wanda ya zo haƙa wata rana ya ci karo da bulo kafin waya. Da damina ta kankama, ruwa ya yi kwana uku kwance a tsakar gidan, yara suna ratsa shi ba takalmi. Babu wanda wuta ta ja.

Watan jiya a wani gida a unguwar Moursal, yana kan tsani, ya riƙe waya biyu ya kasa bambance ja da mai launin ruwan ƙasa. Ya tambayi mai gidan, aka faɗa masa. Bai haɗa ba. Ya sauko, ya kira abokin sana'arsa Ghali ya ƙarasa aikin.

"Ai kai ko ido rufe za ka haɗa, Baba," in ji mai gidan.

"Zan haɗa, amma iyalinka ne za su kwana a ciki."

Daga ranar bai sake karɓar aiki ba.

Kai ne, Baba Inusa, wanda mafi kyawun aikinsa ke binne a ƙasa inda ba mai gani balle ya yaba. Kai ne ka ƙi sauƙin da zai iya kashe wani, kuma da idonka ya gaza ba ka ɓoye ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara lafiya.

Ku kuma masu jan wuta na yau, kafin ku kafa ƙusa a gidan mutane, ku tsaya ku tambayi wa ke wucewa ta wurin.