Ranar da Aka Cire Sunana daga Bara'ar 'Yata

Ban taɓa zama a aji ba. Sunana kaɗai na iya rubutawa, shi ma da Larabci, a karkace. Amma akwai lokacin da sunan nan ya hau takardar hukuma a matsayin wanda ya ƙirƙiro na'urar sadarwa. 'Yata ce ta ɗora shi.

Ita ce babba. A Jidda aka haife ta, a wani ɗaki a unguwar Bani Malik, ta yi karatun injiniya da guminmu ni da uwarta. Ni ɗan dako ne a wani sito a unguwar masana'antun Jidda. Da ƙugu ya gaza aka mai da ni gadi. Siton ƙarfe ne sama da ƙasa. In ka nutsa ciki, ko ka shiga ɗakin sanyi, wayarka ta zama dutse. Ko ihu ka yi ba mai ji. Nakan dawo gida ina mita a kan haka. Ni mita nake yi, ita ta ɗauke ta aiki.

Wasu 'yan akwatuna ta haɗa, kowanne bai fi sabulun wanka ba. A manna su a bango nesa da juna. Wannan ya miƙa wa wancan saƙo ta iska, wancan ya miƙa wa na gaba, har ya fita waje. In ɗaya ya mutu, sauran su nemi wata hanya da kansu. Yadda suke neman hanyar shi ne sabon abu, in ji ta. Ni dai koren haske na ga suna ƙyaftawa.

Ta tashi neman bara'a, wato takardar da hukuma ke bayarwa ta ce abu kaza wane ya ƙirƙiro shi, kada kowa ya kwaikwaya. Sai uwarta ta sa baki.

"Sunan wa za ki sa?"

"Nawa mana, Umma."

"Ubanki na raye?"

A gidanmu tun can Sudan haka ake yi. Yaro ya sayi rago da Sallah, ragon ubansa ne. Ya sayi fili, sunan uba ne a gaba. Ba wayo ba ne, neman albarka ne. Ta sa nawa a sama, nata a ƙasa. Ta nuna min inda zan sa hannu, na sa. Bara'a ta fito. 'Yan unguwa suka laƙaba min Injiniya. In na gifta wurin mai shayi sai wani ya ce, "Injiniya, rediyona ya shaƙe, ko za ka duba?" In ce ya jefa shi a teku.

Ana nan kafilina, wanda ya tsaya min a wurin hukuma, ya kira ni. Ya ce sito zai koma hannun wasu, iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, in ta ƙare ba zai sabunta ba. Gidana kaf a ƙarƙashin iƙamar nan suke. Sudan da za a ce mu koma kuwa wutar yaƙi ake yi, ɗakin da na gina can ban ma san wa ke kwana ciki ba. A tsakanin nan wani kamfani ya ga akwatunan. Suka ce za su ɗauke ta aiki, su karɓi kafalarta, ita kuma ta riƙe mu. Ƙofa ɗaya ke nan, babu ta biyu.

Lauyan kamfanin ya ce a kawo masa babban injiniyan da sunansa ke saman bara'ar su gaisa. Ta kai ni ofishinsa a unguwar Safa. Ya tashi tsaye, ya ba ni hannu biyu, ya yi min wata magana da Turanci. Na dubi 'yata. Ya koma Larabci, ya ce wace jami'a na yi.

Na ce, "Ta buhu."

Bai yi dariya ba. Ya zauna ya daɗe yana kallon ta.

Ya ce bara'ar da ke ɗauke da sunan wanda bai ƙirƙiro ba kamar gini ne a filin wani, kowa zai iya tashi ya nemi a rushe. Kamfani ba zai sa hannu ba sai an gyara. Hanyar ita ce a rubuta wa hukuma a ce an yi kuskure, a cire sunana. Akwai masu binciken irin wannan roƙo. In mai binciken ya gamsu kuskure ne ba cuta ba, ya gyara. In ya ga yaudara ce... Nan lauya ya buɗe tafin hannunsa, bai ƙarasa ba.

Na daɗe a ƙasar nan. Abin da ya raya ni guda ne: kada ka kai kanka gaban hukuma ka ce takardarka na da aibi. Na san wanda ya je gyaran abu kaɗan aka tono masa babba. Yanzu ga shi da ƙafata zan je in ce sunana na zaune inda bai kamata ba.

Aka aika roƙon. 'Yata ta rantse a rubuce cewa ban sa komai a cikin ƙirƙirar ba. Muka zauna jira. Da amsa ta zo, ba e ba ce, ba a'a ba. Mai binciken ya ce yana so ya ji daga bakina.

Lauya ya ce, "Ya Hajji, kalma ɗaya. Ban yi komai ba. Halas, shi ke nan. Kada ka ƙara, kada ka rage."

A gida uwar yara ta ce za ta gwada ni. Ta gyara zama a kan tabarma kamar alƙali.

"Malam, me ka yi?"

"Ban yi komai ba."

"Tun ranar aurenmu nake faɗa, sai yau ka amsa."

Yaran suka kwashe da dariya. Babbar ba ta yi ba.

Ni ma akwai abin da ke cina. Lokacin da 'yata take gwaji a sitonmu, akwatunan na mutuwa a ɗakin sanyi. Raɓa ke shiga cikinsu. Ni na yanko tsohon tiyub na taya, na naɗe bakin ɗaya, na ɗaure. Wannan bai mutu ba. Daga baya na ga duk akwatunanta da zoben roba a baki.

Muna cikin tasi za mu Safa na ce wa 'yata, "Uwata, robar fa?" Sunan mahaifiyata gare ta, haka nake kiran ta.

Ta juyo da sauri. In ta tsorata Hausa kan gudu ta bar ta, sai Larabci. Ta yi ta zuba shi ƙasa-ƙasa, sannan ta ce, "Baba, don Allah. Kada ka ta da maganar roba. Ba a kanta ake magana ba."

Na mai da idona kan titi.

Aka zaunar da ni gaban allon kwamfuta. Wani mutum ya bayyana, gemunsa ya fara furfura, takardu jibge a gabansa. Bai ɗaure fuska ba, bai sake ta ba. Ya ce in ɗaga iƙamata ya gani. Na ɗaga. Na san yana ganin ranar ƙarewarta. Ya ce lauya da yarinya su zauna inda zai gan su, amma kada wanda ya yi magana.

Ya kira ni baffa da Larabci: "Ya ammi, ka iya karatu?"

"A'a."

"Ka san abin da ka sa wa hannu?"

"Na san na 'yata ne."

"Me ya kai sunanka sama da nata?"

"Ni na haife ta."

"Wannan ba dalili ba ne."

"A wajenmu dalili ne."

Ya ce in yi bayani. Na ba shi labarin rago da fili. Ya rubuta wani abu. Ya tambaya ko an taɓa ba ni wani abu saboda sunan, ko na nemi aiki da shi, ko na nuna wa wata hukuma.

Na ce, "Ba'a kawai na samu da shi."

Gefen bakinsa ya motsa kaɗan. Na ce a raina an gama. Sai ya ajiye alƙalami, ya matso da fuskarsa.

"Tambaya ɗaya ta rage. Ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Akwai wani abu a jikin na'urar nan, komai ƙanƙantarsa, da ya fito daga kanka?"

Na ji takalmin lauya ya taɓa nawa. Ina jin numfashin 'yata a bayana. Na yi wa 'yan sanda shiru a rayuwata, na yi wa kafilai shiru. Amma ba wanda ya taɓa sa min Allah a gaba sannan ya tambaya.

Na ce, "Roba."

Lauya ya saki wani dogon numfashi.

"Wace roba?"

Na faɗa masa. Raɓa, tiyub, ɗauri. Ya shiga buɗe takardu har ya tsaya a kan wani zane. Ya juyo da shi gare ni, ya sa yatsa a kan wani zobe.

"Wannan?"

"Ita ce."

"'Yarka ta rantse ba ka sa komai ba."

"Ba ta yi ƙarya ba. A wajenta tsumma na ɗaura."

"A wajenka fa?"

"Ni ma tsumma ne. Amma ka tambaya."

Ya koma shafin ƙarshe yana karantawa, yatsansa na bin layi. Ba abin da ake ji sai na'urar sanyaya ɗaki. Duk sanyin nan rigata ta manne a bayana. Na fara tunanin wa zan bar wa firij, wa zai karɓi keken ɗinkin uwar yara.

Ya ɗago. "Yadda akwati ke zaɓar wanda zai miƙa wa saƙo, ka sa baki?"

"A'a."

"Yadda suke canza hanya in ɗaya ya mutu?"

"Ko da dukana za a yi ban san shi ba."

Ya ce bara'a ba duk abin da ke cikin zane take karewa ba. Akwai jerin abin da mai ita ya ce nasa ne, a kansa ake hukunci. Zai duba ko roba na ciki, ko tana jingine da wani abu da ke ciki. Ya ce yarinya ta sake rubuto rantsuwarta, wannan karon da maganar roba. Ya ce za mu ji. Allon ya yi baƙi.

Lauya ya miƙe. "Kalma ɗaya na ce maka, ya Hajji! Ɗaya!"

"Shi ya ce in ji tsoron Allah. Kai ba ka ce ba."

Har muka iso Bani Malik tagar tasi 'yata take kallo. Uwarta ta tare mu a bakin ƙofa, ta dubi fuskokinmu.

"Me ya faɗa?"

"Roba, Umma."

"Innalillahi. Malam, mutumin da sai an yi da gaske yake amsa sallama, yau ka samu baki?"

Kwanakin da suka biyo ba su da daɗi. Takan gaishe ni da safe, ta kawo min shayi, ta koma ɗaki. Ba ta taɓa ɗaga min murya ba. Da ta ɗaga da ya fi min sauƙi. Kamfanin suka yi shiru. Iƙama na ta guntulewa. Na fara kwaso kwalaye daga sito ina ɓoyewa a saman bene, don in ta kama a ɗaure kaya kada a rasa abin zubawa. Uwar yara ta gan su. Ba ta tambaya ba, ta dai rufe su da leda saboda ƙura.

Wata rana da azahar ina zaune a bakin ƙofar sito sai ga tasi ta tsaya. 'Yata ta fito. Ba ta taɓa zuwa wurin aikina ba tare da ta faɗa min ba. Ta zo ta miƙo min waya.

"Me zan yi da ita? Karanta."

Ta karanta da Larabci, ta mayar min da Hausa. An karɓi roƙon. Roba ba ta cikin abin da aka kare. Mai binciken ya rubuta cewa ya ji daga bakin mutumin, bai ga alamar ɓoye-ɓoye ba. Za a fitar da takardar gyara da sunanta ita kaɗai.

Ta durƙusa nan kan kwalta, rana na dukanta.

"Baba, an cire ka."

"To ba shi muka je nema ba?"

"Ka yafe min."

"Tashi, ƙasa da zafi. Kin gaya wa lauyan?"

"Tukuna. Nan na fara zuwa."

"Yalla, je ki kafin ya rufe ofis. Ki ce su sa hannu yau."

Ta koma cikin tasin. Wata tirela na ta danna min oda tun ɗazu. Na je na buɗe mata ƙofa.