Saƙon da Na Riƙe a Wayata

Shekara uku na yi ina tuƙa motar malamai ta wata makaranta a Umm Salal, can ƙasar Larabawa. Nakan kwaso su daga Mu'aither da safe, in mayar da su bayan la'asar. Wadda take sauka a ƙarshe wata malama ce mai koyar da Larabci, kullum cikin lafaya. Da farko na ɗauka 'yar Barno ce, har na gaishe ta da Hausa. Ta yi dariya, ta ce ita 'yar Yammacin Sahara ce. Ban taɓa jin wurin ba. Karatuna bai wuce firamare da allo ba.

A hankali, da guntun Larabcina, na fahimci labarin. Mutanenta suna neman a bar su su zaɓi makomar ƙasarsu da kansu. Matansu ba sa ɗaukar ko sanda. Sukan zauna a bakin titi riƙe da hotunan 'ya'yansu da aka tsare, a kore su, washegari su dawo. Gwaggonta tana cikinsu. An ji mata ciwo ranar da aka watsa wani zama, ta kwanta jinya, ta fara cewa ba wanda ya san da su a duniya. Shi ya sa malamar take tara mata gaisuwar murya daga matan ƙasashe daban-daban, ana kunna mata a waya.

"Ɗan'uwa, ba ku da mata a Najeriya?" ta tambaye ni wata rana.

"Muna da su, Malama. In suka fara magana wayarki sai ta cika."

"Yalla, maza, minti ɗaya ya ishe ni."

Na gaya wa matata da ke Zariya ta waya. Ban zaci za ta ɗauki abin da zafi ba. Bayan kwana biyu sai ga saƙo, ita da matan ajinsu na Islamiyya. Ana jin kukan jariri a baya. Sun yi sallama, sun yi addu'a, wata tsohuwa ta ce a gaya wa baiwar Allah su ma sun haifa, sun san abin da take ji. Minti huɗu suka yi.

Na kunna shi a ɗakinmu. Wani abokin kwanana mai aikin gadi ya ce, "Kai, siyasa ce fa wannan. In kafil, ubangidan da ya ɗauko ka aiki, ya ji, jirgin gobe za ka hau." Ba shi da wata hujja. Ba wanda ya taɓa duba wayata, ba wanda ya yi mini kashedi. Duk da haka ban tura ba.

Da malamar ta tambaya, ban ce mata tsoro nake ji ba. Cewa na yi matata ce ta ƙi. Ta ce, "Khalas, shi ke nan. Tana da yara, na gane." Ba ta sake tayar da maganar ba, gaisuwarta kuma ba ta canza ba.

Da zan tafi hutu ta ba ni sabuwar lafaya a leda, ta ce in kai wa uwargida don kada ta ji nauyin ƙin da ta yi. Na kai. Matata ta ɗauka tukuici ne, ta yafa ta tafi da ita Islamiyya ta nuna wa matan.

"Malam, sun ji mu kuwa?" ta ce da ta dawo.

"Sun ji."

"Tsohuwar ta ji daɗi?"

"Sosai."

Kafin in koma aiki malamar ta bar makarantar. Wata takwas saƙon yana wayata. Ranar wata Juma'a, ina zaune cikin mota a Al Wukair bayan an sauko daga masallaci, na tura mata shi, na rubuta cewa matata ba ta taɓa ƙi ba, ni ne na ɓoye.

Ta amsa da yamma. Ta ce gwaggo ta rasu cikin azumi. Ta ce ta saurari saƙon, ba ta jin Hausa amma ta gane addu'ar, in yi wa matan godiya. Ba ta ce komai a kaina ba.

Godiyar kam na isar da ita. Sauran ban gaya wa matata ba tukuna.