Ƙafar Itacen da Baba Ya Ciro Daga Wuta

Hannu Baba ya zura cikin murhu ya fizgo ta. Hannunsa fa, ba sanda ba. Inna na tsugune tana fifita wutar tuwo, sai gani ta yi ya wurgo wani guntun icce tsakar gida yana hayaƙi, ya bi shi da ruwan buta.

"Malam, lafiya? Za ka ƙone fa!"

"Hajara, ƙafar Liman kika sa a wuta."

"Ƙafar Liman tana can jikin Liman. Wannan icce ne, busasshe ma kuwa. Kawo min kananzir in bar maka abinka."

Juma'ar da ta wuce Baba ya cika shekara ashirin da bakwai da rasuwa, Allah Ya jiƙansa. Ina firamare lokacin da wannan abin ya faru, amma duk sanda na tuna shi, hayaƙin nan ne ke fara zuwa min kafin fuskarsa.

Bari in yi bayani don waɗanda ba su tashi a gidan dukawa ba. Mu 'yan Kusfa ne, cikin birnin Zariya, kuma takalmin fata ne sana'ar gidanmu. Rufaffen takalmi ba ya haɗuwa sai an ja fatar a kan wani icce da aka sassaƙa kamar ƙafar mutum, sannan a ɗinke ta da ƙasan takalmin. Ƙafar itace muke ce masa. Duk wanda ya daɗe yana ɗinki wurin Baba, yana da tasa a rataye a zaure. Liman yana da ƙari a gindin babban yatsa, to ita ma tasa Baba ya manna mata 'yar fata daidai wurin. In Liman na son takalmin Sallah ba sai ya zo ba, aike kawai yake yi.

To me ya kai ta murhu? Kamfani.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin, da darajar naira ta zube, wasu Turawa suka haɗa kai da wani attajiri suka kafa masana'anta a bayan gari. Fatarmu mai kyau ce, hannunmu mai araha, su kuma suna da kuɗi da injuna da masu saye a can ƙasarsu. Dukawa suke nema. Kullum da safe mota na tsayawa a bakin ƙofar gari ta kwashi mazan unguwarmu. Baba aka ba heluma, wato shugaban ma'aikata, don shi ba ya ɗaga murya kuma ba a tsallake maganarsa.

Ni ba zan zagi kamfanin nan ba, don shi ma Baba bai taɓa zaginsa ba. Albashinsa ne ya sa mana rufin kwano. Ƙanensa, Baffa Sule, ya sayi babur har ya riƙa zaga unguwa ba dalili. Kuma sun koyi abubuwa na gaske: yanka fata ba ɓarna, lamba arba'in ta zama arba'in ko a hannun wa ta fito, da cika alkawari. Baba kan ce a kamfani ya gane jirgin ruwa ba ya jiran a gama sunan ɗan kowa.

Sai dai saman takalmi kawai suke yi. A yanka, a ɗinka, a jera su a kwali a shimfiɗe kamar kilishi, a cika kwantena sai Legas. A can Turai ake jan su a kan ƙafa, a sa musu ƙasa, a buga sunan ƙasarsu. Ana ta murna a rediyo cewa yanzu mu ma muna fitar da kayan masana'anta zuwa waje. Gaskiya ne. Amma rabin takalmi muke fitarwa, don rabin aka kawo kuɗin yi. Baba ya sha tambayar manaja yaushe injin sa ƙasa zai iso. Amsar ba ta canzawa: baɗi.

Zaurukan unguwa suka mutu. Ƙafafun itace suka yi ƙura a bango. Da aka shiga wahalar kananzir a shekarun casa'in, icce ya yi tsada, mata suka ɗaga kai suka ga busasshen icce reras a rataye ba mai taɓawa. Ba laifinsu. Mazan ma cewa suke a ƙona.

Washegarin abin da ya faru da Inna, Baba ya ari amalanke, ya cika ta da iccen girki, ya riƙa bi gida-gida. Ya yi sallama, ya ce a miƙo ƙafafun a karɓi icce. Unguwa ta samu abin dariya. Baffa Sule ya tare shi a lungu, yana kan babur ko sauka bai yi ba.

"Yaya, don Allah ka rufa mana asiri. Heluman kamfani guda da amalanke?"

"Sule, yaushe rabonka da haɗa takalmi tun daga yanka har mutum ya sa ya taka?"

"In haɗa in yi me da shi? Turawa na haɗawa."

"In suka tafi fa?"

"Su tafi ina? Ka ga girman injunan nan kuwa? Ko giwa ba ta ɗaga su."

"Da mota aka kawo su," in ji Baba, ya ci gaba da turi.

Daga nan ya buɗe zaurenmu duk ranar da ba aiki. Sharaɗi ɗaya: in ka zauna, ba ka tashi da rabin takalmi. Ka ja fata a kan ƙafa, ka yanka ƙasa, ka ɗinke da basilla, ka sa dunduniya. Mutum kaɗan ne ke zuwa, yawanci samarin da suka shiga kamfani ba su taɓa gama takalmi ko ɗaya ba. Baffa Sule in ya zo wucewa sai ya danna oda ya ce, "Sannunku da bauta!"

Labari ya kai kunnen manaja. Ya kira Baba ofis, ya ce yana gajiyar masa da ma'aikata, kuma yana tsoron salon yankan kamfani ya fita waje. Ya ba shi zaɓi: ya rufe zaure a ƙara masa girma, ko ya sauka daga heluma. Baba ya sake tambayarsa zancen injin sa ƙasa. Wannan karon mutumin bai ce baɗi ba. Ya ce injin ba zai taɓa zuwa ba, don masu kamfanin suna da wata masana'antar a garinsu, da ma'aikatanta, su ma suna da iyali.

Baba ya ce a duk zamansa da Baturen nan, ranar ya fi ganin girmansa. Ya dawo gida ya faɗa wa Inna ya koma kan keken ɗinki kamar kowa.

Inna ta ajiye tsintsiya. "Malam, ka ajiye heluma saboda tarin icce?"

"Su suna can suna tsare wa mutanensu rabinsu, Hajara. Namu rabin wa zai tsare mana?"

"To ka ce wa rabin naka ya sayo mana man gyaɗa."

Ta daɗe tana fushi, kuma tana da gaskiyarta. Mun ji a jikinmu. Nama ya koma sai Juma'a, ɗinkin Sallah ya koma kala ɗaya.

Kamfanin bai rufe nan da nan ba, ya ƙara 'yan shekaru. Sannan wuta ta lalace, fitar da kaya ya yi wuya, masu kuɗin suka samu wata ƙasa can Asiya da ta fi mu araha. Tirelolin da suka kawo injunan, irinsu ne suka zo suka kwashe. Aka bar gari da ƙwararrun maɗinka waɗanda ba wanda zai sayi abin da suka iya, don ba mai sa saman takalmi ya fita. Da yawa suka koma acaɓa.

Wata safiya Baffa Sule ya shigo zaure, a ƙafa, ya tsuguna ya gaida yayansa. Baba bai ce masa "ai na faɗa maka" ba. Ƙafar Liman ya ciro, mai ƙonanniyar dunduniyar nan, ya miƙa masa da basilla.

"Liman na son na Sallah. Ka kula da wurin yatsan."

"Yaya, hannun ya manta fa."

"Zai tuna. Zauna."

Baba bai daɗe ba bayan nan, ciwo ya kwantar da shi. Bai ga inda abin ya kai ba. Amma kafin ya rasu, fatake masu zuwa Maraɗi sun fara ɗaukar takalman zaurenmu, cikakku, masu lamba daidai irin ta kamfani da ƙarkon ɗinkin gida.

Yau ina Kaduna, da wayar nan da nake wannan rubutun nake sayar da takalman. Baffa Sule ya tsufa, yaransa ke aikin yana zaune yana faɗa. Mutum a Yamai ko Akara zai taka takarda ya zana ƙafarsa ya turo min hoto, mu aika masa da kayansa. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Na san zai yi tsaki a kan ƙafafun roba da muke amfani da su yanzu, kuma zai yi faɗa a kan yawan gam. Amma zancen zana ƙafa a turo zai burge shi, don shi ne dai tsarin Liman, nisa kawai ya ƙaru.

Dalilin da ya sa na kasa yin shiru bana shi ne, watan jiya wani mai zuba jari daga waje ya zo har shagona. Mutumin kirki, ya san fata. Zai kawo kekunan ɗinki, ya sa mana sola, ya ɗauki samarin unguwa aiki. Muna bukata, wallahi muna bukata, don a yanzu oda tana fin ƙarfinmu. Na ce me za mu riƙa yi masa? Ya ce saman takalmi.

Na ce masa bismillah, muna maraba da kuɗinsa. Amma injin sa ƙasa ya zo a kwantenar farko, ba ta biyu ba, kuma a buga Zariya a ƙarƙashin kowane takalmi. Ya ce zai yi shawara. Har yau wayata ba ta yi ƙara da lambarsa ba.

Inna ta ce, "Ke ma za ki ja mana cin tuwo ba nama." Baffa Sule kuwa dariya ya yi har da tari, ya ce, "Saura ki ari amalanke."

Ba na jin tsoro. In bai dawo ba wani zai zo, don fatar tana nan, hannun yana nan, kuma yanzu cikakken abu muke da shi na nunawa. Baba bai bar mana gida a Sabon Gari ba, bai bar gona ba. Ya bar unguwar da ta iya gama abin da ta fara, da guntun icce mai ƙonanniyar dunduniya da ke kan teburina. Duk baƙon da ya zo da jari, a gabansa nake ajiye shi kafin mu fara magana.

Amma samarin Kusfa da suka ji labarin aikin nan suna jira, wasu ma sun daina gaishe ni da fara'a. Ku da kuke karantawa, in ku ne a kujerata, za ku kira mutumin nan ku karɓi rabin, ko za ku jira wanda zai yarda a gama takalmin a gida?