Obaa Hatsue da Taƙi Biyu na Yashi

Kafin jirgin ruwan farko ya iso tsibirinmu, Obaa Hatsue Miyara, wato Kaka Hatsue a yarenmu, ta riga ta jingine kekenta a bayan kicin ɗin otal. Ba ta gaida kowa sai ta gama zagayenta. Takan bi gindin katangar dutse a sunkuye, tsintsiya a hammata, tana duban yashi kamar wadda allura ta faɗi mata. Ta san sawun ƙaguwa, ta san na kyanwar mai gadi, ta san na tsuntsu. Wanda take nema daban ne: layi ɗaya mai lanƙwasa, ba ƙafa ba farce. In ba ta gan shi ba, sai ta miƙe ta ce wa mutanen kicin ina kwana. Da la'asar sakaliya ta dawo ta share gindin katangar tana ja da baya, ta bar shi sumul, don duk abin da ya ratsa kafin safiya ya bar shaida. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana wannan aikin.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye tsintsiya, gwiwoyi sun ƙi. Mai son ransa ya ɓaci ya buɗe littafin nan mai sheƙi da otal ɗin ke ajiyewa a kowane ɗaki. Akwai sunan wanda ya zana ginin, akwai na wadda ta zaɓi launin labule, har kamfanin da ya kawo matasan kai an gode masa. Hatsue kuwa ko a ƙasan shafi.

Mai zanen ginin, Kuramochi Sensei, wato Malam Kuramochi, daga Tokyo ya zo, kuma a faɗi gaskiya ba malalaci ba ne. Wata uku ya yi yana yawo cikin ƙauye da kyamara a wuya. Ya auna katangunmu na dutsen teku da ake jerawa ba siminti, ya hau tsani ya ɗauki hoton zakunan yumɓu da ke kan rufi, ya ci garahuni da awara bai yamutse fuska ba. Ya ce zai gina wa iyalai masaukin da yara za su yi gudu ba takalmi, kamar 'ya'yan tsibiri. Matsalarsa ɗaya ce, amma babba: kowa ya gani sai ya tambaye shi me ya fi kyau a nan, bai taɓa tambayar me ya sa ake yin abu ba. Ya ga farin yashi a hanyoyinmu, ya ga mata na sharewa kullum, ya ɗauka kwalliya ce. To tunda kwalliya ce, sai ya ƙara mata tasa. Ya ce a riƙa jan yashin da manjagara ana fitar da zanen igiyar ruwa, irin na lambun ɗakunan bautar garinsu, daga katanga zuwa katanga.

Ranar da aka ɗauki Hatsue aiki, manaja Tamanaha Seiji ne ya miƙa mata manjagarar. Seiji ɗan tsibiri ne, gidansu na jikin nata, ita ta yi masa wankan jarirci. Amma ranar ya sha kwat da laktaye, ga Sensei a tsaye a gefensa. Ta juya manjagarar ta dubi haƙoranta, ta dubi lilon yaran da aka kafa taku biyar daga katanga.

"Sensei, katangar nan da ka kwaikwaya, an gaya maka tana zuwa da ɗan hayarta?"

Ya yi murmushi, ya ce ƙadangaru ba sa damun kowa.

"Maciji nake nufi, mai dafin nan. Ramukan dutsen nan ne ɗakinsa. In na cika wurin da zanenka mai lanƙwasa, ta ina zan gane nasa zanen? Kai kuma Seiji, ka yi min tsuru kamar ba a nan aka yanke maka cibiya ba."

Sensei ya ce an yi feshi, masana sun duba, kuma hoton tallan otal da aka riga aka buga da igiyar ruwa aka buga shi. Seiji ya dubi takalminsa. Shi ke nan fa taron ya tashi.

Ba ta sake musu ba, ba ta kuma bi umarni ba. Tsakiyar hanya takan ja musu igiyar ruwansu, ta yi ta da kyau ma, har baƙi na tsayawa ɗaukar hoto. Amma taƙi biyu daga gindin kowace katanga ta bar shi sumul. An rubuta mata takardar gargaɗi, ta naɗe kifi da ita. Sensei in ya zo zagayen shekara sai ya tsaya kan wannan taƙi biyun yana tsaki, ita kuma ta yi kunnen uwar shegu. Ba mu ce tana da sauƙin sha'ani ba. Mai aikin lambu ya taɓa taka mata wurin da yamma, har yau in ya hango ta sai ya sake hanya.

Abin da ya faru damina uku da suka wuce, duk ma'aikatan otal sun gani, ba wanda aka bari ya faɗa. Da safe ta ga layin nan ya fito daga wajen rijiya, ya bi gindin katangar filin wasa, ya shige tsakanin duwatsu biyu a bayan lilo. Ta duba gaba ta duba baya, bai fito ba. Sai ta kife bokiti a bakin ƙofar filin ta zauna, ta gicciye tsintsiya. Ƙarfe bakwai yara suka fara fitowa da 'yan shebur ɗinsu. Wani uba daga Osaka, 'yarsa na kuka tana jan hannunsa, ya yi ta faɗa wai wace irin tsohuwa ce wannan. Seiji ya zo a guje yana ba baƙi haƙuri, ya sunkuya yana mata raɗa ta rufa masa asiri ta tashi, za a duba daga baya.

"Daga baya? Bayan an ɗauki 'yar mutane a jirgi zuwa asibiti? Kira mai kamu, Seiji. In kana so na tashi, ɗauke ni da bokitin."

Awa biyu ta yi a rana. Da mai kamun maciji ya zo, sai da aka janye baƙi zuwa ɗakin cin abinci, sannan ya zura awartakinsa a ramin da ta nuna. Abin da ya zaro ya kai tsawon hannu. Me aka gaya wa baƙi? Wai bututun ruwa ne ya fashe. Uban nan ya tafi gida ya rubuta cewa wuri mai kyau, sai dai mai sharar ba ta da ladabi. Takaicin ke nan: otal ɗin iyalai ba ya iya furta kalmar maciji, saboda haka ba ya iya gode wa wadda ta tsare shi daga maciji. A jikin ƙotar tsintsiyarta akwai tsaga goma sha tara da ta yi da wuƙa, kowace tsaga safiya ce irin wannan.

Ke ce mai karatun yashi, Obaa. Ke ce kika sha zagin iyayen da kika tsare wa 'ya'ya, kika koma gida kika ci shinkafarki ko a jikinki. Shekara goma sha ɗaya, dubban ƙananan ƙafafu, ba guda da aka sara.

Bara aka ba Sensei lambar yabo. A hirar da wata mujalla ta yi da shi, ga hoton taƙi biyun nan, yana bayani wai ya bar wurin ne don ido ya huta. Ido! Bai ishe mu ba, sai ga labari an yi odar injin da zai maye gurbinta, mai jan igiyar ruwa har jikin dutse, ba ya gajiya, ba ya gardama.

Da ta ji, ba ta je ofis ba. Makon jiya da sassafe ta aika aka kira Seiji, ta kai shi gindin katangar filin wasa ta nuna masa ƙasa.

"Karanta min."

Ya tsuguna da kwat ɗinsa. Ya ce wannan ƙaguwa ce, wannan kyanwa. Sai yatsansa ya shiga bin wani layi a iska har bakin rami.

"Ashe ba ka manta ba," in ji ta. "Kunya ce kawai ta hana ka sani." Ta ɗora masa tsintsiyar a cinya.

Injin dai yana nan zuwa, Seiji ba shi da ikon hana shi. Amma ya rubuta wa masu otal a Tokyo cewa taƙi biyu ba za a taɓa ba, ko su nemi wani manajan. Amsa ba ta zo ba tukuna. Kwana shida ke nan da yamma ana ganinsa yana ja da baya da tsintsiya, laktaye a kafaɗa, ita tana zaune kan bokiti tana ce masa ko akuya ta fi shi iya shara.

Mun gode, Obaa Hatsue. Sannu da aiki, sannu da haƙuri da mu. Je ki miƙe ƙafa.

Sauran ya rage namu. Seiji shi kaɗai ne, katangar kuwa doguwa ce. An manna takarda a ƙofar ɗakin taron ƙauye, ana neman waɗanda za su karɓi duban yashin safiya ɗaiɗai, kuma har jiya suna biyu ne kacal a jiki. Duk wanda kakarsa ta taɓa nuna masa yashi, ya je ya rubuta nasa, ya bar jiran a roƙe shi. Yaran suna fitowa da ƙarfe bakwai, kuma ba sa sa takalmi.