Kofin Kawu Labbo Mai Bulowa

Duk wanda ya san Kawu Labbo a Wurno ya san kofin nan nasa na silba, mai lotsattsen gefe. Shekara talatin yana ƙera bulowa, wato fankar nan ta ƙarfe da ke zuƙar iska ta tsakiya ta feso ta baki, wadda muke sheƙe shinkafa da ita, kuma ba a taɓa fitar da ko ɗaya daga garejinsa ba sai ta ci jarrabawar kofi. Zai cika shi da ruwa fal, ya ɗora a kan bulowar, ya ce a tada inji. In ruwa ya tsaya cik, ya ɗauka ya shanye, mai kaya ya kwashi kayansa. In ko ɗigo ɗaya ya zuba, to ka koma gida ka huta. “Bulowa mai rawa ba ta hita da sunana,” in ji shi. Ni Ummaru, ɗan ƙanwarsa, na sha jin maganar nan har na haddace ta.

Kun tuna Alhajin nan na Goronyo da ya zo da mota ɗaukar tasa? Ɗigo ɗaya tak ya gangaro.

Alhaji ya ce, “Haba Labbo, ɗigo guda?”

Kawu ya ce, “Alhaji, yau ɗigo na. Bayan wata ukku ƙarhe na za ya tashi ya hwasa ma wani kai.”

Motar ta koma wayam. Kawu ya kwance fukafukan fankar guda takwas, ya ari sikelin mahauci ya auna su ɗaya bayan ɗaya, sai ga guda ya fi sauran nauyi. Ashe zanzaro ne ya yi ginin laka a bayansa! Kawu ya ɓamɓare ginin, ya ƙulle a takarda, ya ba wani direban mota ya kai Goronyo da saƙo: “A hwaɗa ma Alhaji ga wanda yat tsai da shi, su yi shari'a can.”

Ni ma ban tsira ba. Bulowar farko da ya yi mini, na ga kamar iskarta ba ta isa ba. Ban shawarce shi ba na sa wa injin babban fuli, wato faifan da bel ke zagayawa, don ta ƙara gudu. Wayyo! Ƙaiƙayi da shinkafa duk suka tashi tare, suka sauka a gonar maƙwabcina ta wajen Magarya, sandar fankar kuma ta lanƙwashe. Kawu ya zo a kan tsohon kekensa, ya dubi gonar maƙwabci ta yi fari fat, ya dube ni.

“Madalla, Ummaru. Ka hidda zakka tun ba ka auna ba.”

Sannan ya ja kunnena, ni mai 'ya'ya huɗu a lokacin, ya ce, “Iska baƙuwa ta. Ka ba ta hanya daidai ƙahwatta, kak ka kore ta da gudu.”

To, ta ƙarshen ita ce ba na iya ba da labarinta ban yi dariya da hawaye tare ba. Kakar bara waccan na roƙe shi ya ƙera mini sabuwa. Lokacin yanar ido ta rufe masa gani, ba ya ganin ruwan kofi, sai ya koma gwaji da tafin hannu. Ya ɗora hannu a kan bulowa, ya girgiza kai: “Tana rawa.” Ya kwance, ya goge, ya ɗaure. Washegari ma haka. Shinkafata kuwa tana jibge a masussuka, tsuntsaye da awaki suna ta walima, abincin gidana na shekara ke nan. Kowa a garejin ya san bulowar lafiyarta ƙalau, hannun tsoho ne ke karkarwa. Amma wa zai faɗa masa? Ni dai na gwammace awaki su ƙoshi.

Ran kwana na tara, hannunsa na kanta, sai mai ya ƙare wa injin. Fanka ta yi ta juyi a hankali har ta tsaya. Gareji ya yi tsit. Kawu bai ɗauke hannunsa ba.

Can ya ce, “Ummaru, ta tsaya?”

Na ce, “Ta tsaya, Kawu.”

Sai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi. “Ashe ni ka rawa, ba ita ba! Kwana tara ina zagin baiwar Allah!”

Ya sa aka zuba mai, ya miƙo mini kofin. “Cika shi. Yau kai na idona. Amma don Allah kak ka yi man ƙarya saboda shinkahwakka.”

Na cika, na ɗora, aka tada inji. Wallahi ruwan nan ko motsi bai yi ba, har fuskata na gani a ciki. Na faɗa masa. Ya lalubo kofin da hannu biyu, rabin ruwan ya zube masa a riga kafin ya kai baki, ya shanye sauran. Sannan ya danƙa mini kofin ya ce in tafi da shi, shi ya gama.

Bai sake kunna wutar walda ba, kuma kafin damina ta sauka ya riga mu gidan gaskiya. Bulowar tana nan tana aiki, har mutanen Tursa na zuwa aro. Duk kaka nakan ɗora mata kofin kafin mu fara, ban taɓa ganin ɗigo ya zuba ba, sai dai idona ya cika.

Allah Ya jiƙan Kawu Labbo, Ya sanyaya makwancinsa. Yadda bai yarda a cuci kowa da aikin hannunsa ba, Allah Ya sa ranar awo nasa sikelin ya tsaya daidai. Amin.